Tsallaken da Ƙanena Ya Yi a Kebbe

Ƙanena ya shiga makarantar koyon aikin jinya a birni a shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu kuwa Allah ya yi masa rasuwa tun kafin nan, saboda haka ni aka kira ofishin En'e na Tambuwal don in ba da izini. Na bayar, amma ban san ainihin abin da na amince da shi ba. Abin da aka gaya mini kawai shi ne gwamnatin Jihar Arewa tana so 'ya'yanta su karɓi aikin asibiti daga hannun baƙi, kuma yaron yana da kai.

Ni karatun allo na yi, na sauke, sannan na shiga littattafai wurin wani malami a Jabo. Duk abin da na karanta na san daga bakin wanda ya fito, shi ma na san wanda ya ba shi. Karatun da ban san tushensa ba, ban saba sakin jiki da shi ba. Don haka da ya zo hutun farko, sai na zaunar da shi a zaure bayan la'asar, na ce ya biya mini abin da aka koya masa, kamar yadda ɗalibi ke biya wa malaminsa.

Ya ce watannin farko gyaran gado aka koya musu. Na ɗauka zolayata yake yi. Ya rantse haka ne. Wai akwai wata Baturiya, sista suke ce mata, tana bin gadajen ɗaya bayan ɗaya tana shafa zanen da tafin hannu, in ta ji ya tattare ko kaɗan sai ta yaye shi a sake, domin wanda ya daɗe a kwance wannan 'yar tattarewar ita ke zame masa gyambo a baya. Bayan gado sai wanka: yadda za ka wanke mutumin da ba ya iya tashi, kana buɗe gaɓa ɗaya kana rufe sauran jiki. Wannan ya kwanta mini, don sutura ce. Sai ya zo kan ɗaukar tasar bahaya da ta fitsari, wai har dubawa ake yi a ga launi kafin a zubar. Nan na ce masa kada Inna ta ji wannan, ita a saninta ɗanta likita zai zama.

Ya ci gaba da lissafa mini: dafa allura da almakashi a tafasasshen ruwa, wanke gyambo daga ciki zuwa waje, naɗin bandeji, awon magani a ɗan ƙaramin kofi mai zane-zane, sanin abincin da ya dace da kowace cuta. Allura kuwa a jikin lemo suka fara koyonta kafin a bar su su taɓa mutum. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke kawo yawancin cututtuka, shi ya sa suke wanke hannu fiye da mai alwala. Na ce masa abin da ido ba ya gani ai mun daɗe da sanin akwai shi, sunansa ne dai ya bambanta. Ya ce nasu ya gan su da idonsa ta cikin wani madubi. Na ajiye wannan a raina.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da ya zo kan darasin sassan jiki. Ya ce a ajinsu akwai ƙwarangwal ɗin mutum a rataye, an ɗaure ƙasusuwan da waya, kowane ƙashi sai sun haddace sunansa. Na tambaye shi ɗan wane gari ne. Bai sani ba. Musulmi ne? Wa ya yi masa salla? Ya ce shi dai an ce a akwati aka kawo shi daga ƙetare. Sannan akwai hoton mutum da aka buɗe masa ciki, ga hanta, ga saifa, ga tumbi, kowanne da mazauninsa. Kuma an taɓa shigar da su ɗakin tiyata suka tsaya a jikin bango suna kallo.

Na ce, "Kana nufin ka ga hanjin mutum, shi kuwa yana da rai?"

Ya ce, "Na gani, Yaya. Har motsi shika yi."

Na leƙa waje na ga ko akwai mai wucewa. Na ce masa wannan maganar ta tsaya a zauren nan. Ya yi dariya, ya ce ai duk 'yan ajinsu sun gani. Na ce 'yan ajinsu ba a Tambuwal suke kwana ba. A ƙasarmu mutum iri ɗaya ne ake cewa yana ganin hanjin mai rai, shi ne maye. Kowa ya tashi da jin cewa maye yana hango cikin mutum kamar yadda kake hango ƙasan ƙwarya, ya kama kurwarsa ya ɓoye, mutum ya kwanta. Kuma an ce ko dai a nono ake shan maita, ko a saye ta a haɗiye.

Da ya koma ya sake dawowa, sai na ga abin ya shiga jikinsa. Ya ce babban darasin da sista ke nanata musu shi ne lura: kafin ka tambayi majinyaci komai, ka dubi idonsa, da farcensa, da tafiyarsa, da yadda yake jan numfashi. To, bai iya ajiye wannan lura a asibiti ba. In an ba shi hannu a gaisa, sai ya riƙe, yatsunsa su zame zuwa wuyan hannun mutum, idonsa a kan agogo, leɓɓansa suna motsi. Wani dattijo ya taɓa fizge hannunsa a ƙofar masallaci, ya zo ya tambaye ni me ƙanena ke karantawa a jikin mutane. Da na yi masa magana ya ce bugun jini yake ƙidayawa. In ya ga yaro a hanya sai ya tsuguna ya ja fatar idonsa ƙasa, ya ce a gaya wa uwarsa jininsa ya yi kaɗan. Ba a daɗe ba matan unguwa suka fara kiran 'ya'yansu cikin gida in sun ji muryarsa. Na taɓa jin wata tsohuwa mai sayar da daddawa tana cewa "kurwata kur" ƙasa-ƙasa bayan ya wuce. Shi bai ji ba.

Ni kaina na riƙa kallonsa. Sallarsa ba ta canza ba, azuminsa bai canza ba, yana durƙusa wa Inna kamar da. Amma idan muna cin tuwo na ɗago kai na ga idonsa a kan wuyana, sai in ajiye lomar.

Inna 'yar Kebbe ce. Kowace kaka, in an gama yankan gero, takan je gida ta yi 'yan kwanaki wurin kawu, ƙanenta. A kakar shekarar ƙanena ta biyu a makaranta hutunsa ya dace da tafiyar, sai muka raka ta mu biyu, ita a kan jaki mu a ƙasa.

Mun tarar ana ɗiban dammuna ana zubawa a rumbu. Maƙwabcin kawu, wani ƙaƙƙarfan magidanci mai noma da 'yan shanu, ya zo taya aiki tare da wansa. Mutum ne mai barkwanci, tun da ya ga ƙanena yake ce masa malamin allura, yana tambayarsa ko akwai allurar da ke sa tsoho ya koma saurayi, a yi wa kawu. Yana cilla dami sama kamar ba komai. Sai dai lokaci-lokaci yakan tsaya, ya juya baya, ya sa hannu ƙasan mararsa ya danna, sannan ya ci gaba. Ni ban kula ba. Ƙanena ya kula.

Da aka zauna shan fura a gindin wata tsamiya, sai ya tambaye shi. Mutumin ya yi dariya, ya ce ƙaba ce, ta shekara da shekaru, in ta fito ya mayar da ita, wane manomi ne ba shi da tasa. Ƙanena ya roƙe shi su zaga bayan rumbu ya duba. Ya tashi yana wasa, yana cewa a shaida malamin allura zai ga abin da ko kawu bai taɓa gani ba. Jama'a suka yi ta dariya.

Da suka dawo ƙanena ba ya dariya. Ina yi masa ido, bai dube ni ba. A gaban kowa ya yi bayani, da irin muryar da nake jin da ita suke amsa tambaya a aji. Ya ce abin da ake kira ƙaba hanji ne ke leƙowa ta wata kafa a bangon ciki. Ya ce tasa kafar ƙarama ce, ita ce kuwa mai hatsari. Wata rana hanjin zai fito ya ƙi komawa, ya shaƙe, jini ya daina kai masa, ya yi baƙi. Ya ce ya daina ɗaukar nauyi, ya je birni a ɗinke masa tun da sauran lokaci.

Wan mutumin, wani dogo mara yawan magana, ya ajiye ludayinsa a hankali.

Ya ce, "Kai ƙaƙa kas san launin da za shi yi?"

Ƙanena ya ce ya taɓa ganin irinsa. Ba wanda ya tambaye shi a ina. Aka koma aiki, amma barkwancin ya ƙare, kuma furar da ta rage a ƙwaryar da ƙanena ya sha ba wanda ya ƙara sa mata ludayi.

Bayan 'yan kwanaki, ranar kasuwar garin, da hantsi, muna zaune a zauren kawu sai ga dogon nan da mutane a bayansa. Ya yi sallama amma ya ƙi shigowa. Daga bakin ƙofa ya ce ƙanensa tun jiya yake amai, ciki ya kumbura, abin ya fito ya ƙi komawa. An yi turare, an ba shi jiƙo, duk ya dawo da shi. Tun da gari ya waye kuwa magana ɗaya ce a bakinsa: ɗan makaranta ya faɗa, ɗan makaranta ya gani. Kowa ya san idan wanda aka kama ya fara kiran mutum, to an san inda kurwarsa take. Ya ce ba faɗa ya kawo su ba. Yaro ya zo ya tsallake shi, ya sakar masa kurwa, shi ke nan.

Ƙanena ya riga kowa miƙewa. Shi duk abin da ya ji a maganar shi ne amai da kumburin ciki. Muka bi shi.

An fito da majinyacin tsakar gida an kwantar da shi a tabarma ƙarƙashin rumfa. Mutumin da ke cilla dami kwanan baya ya naɗe ƙafafu, idanu sun faɗa, gumi yana tsattsafo masa. Ƙanena ya nufe shi zai kama hannunsa, aka tare shi da sanda a ƙirji. Aka ce taɓawar da ya yi ta farko ta isa. Daga nan inda yake tsaye ya dube shi, irin duban nan nasa, na ga mata suna jan 'ya'yansu bayansu. Sai ya jawo ni gefe ya ce lallai mutumin nan ya kwana a asibitin birni yau. Akwai motar masu sayen gyaɗa a kasuwa, za ta tashi bayan azahar ta bi ta Tambuwal. In ta tafi ba shi, sai wata kasuwar, shi kuwa ba zai kai ba.

Na je na gaya wa dogon. Ya ce ba inda za a kai gangar jiki a bar kurwa a Kebbe a hannun wani, a hanya zai cika. Na ce a kawo Alƙur'ani ƙanena ya dafa. Ya ce rantsuwa tana nan, ba ta gudu, a yi ta daga baya. Na ce ni malami ne, ɗan malami, a bar ni in yi masa tofi, in rubuta masa abin da ya sawwaƙa. Ya ce ya gode, amma nono ɗaya muka sha da wanda ake magana a kansa. Limamin unguwa ya zo ya yi nasiha a kan zato da girman alhakinsa, aka saurare shi da ladabi har ya gama, ba wanda ya motsa.

Dogon ya ce, "Malam, in dai ba shi da komi, mi tsallake za ta rage mai? Ɗaga ƙafa ɗai na."

Na san abin da za ta rage. Tun ina yaro ban taɓa jin wanda ya tsallake majinyaci ya wanku ba. In mara lafiya ya tashi, an ce ya sake shi, maita ta tabbata. In ya mutu, an ce ya riga ya cinye. Wanda ya ƙi tsallakawa ne kaɗai ke da sauran bakin musu.

Ƙanena ya fara tuɓe takalmi. Na riƙe masa hannu na ja shi bayan danga. Na ce masa ya tsaya ya yi tunani, sunan ba nasa ne shi kaɗai ba. Shi gobe zai koma birni cikin masu fararen riguna. Amma in aka ce maye ne, tambaya ta gaba ita ce a ina ya samu. Wasu za su ce Turawa suka ba shi ya haɗiya a makaranta. Mafi yawa za su ce nono. Nono kuwa Inna ce, da ni, da 'yar'uwarmu da ke aure a Dogon Daji tana goyo. Ba a cin abincin gidan maye, ba a ɗibar wuta a murhunsa, ba a neman aure a ɗakinsa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ina jin sai a lokacin ya gane.

Muna nan sai na ji wani tsoho a cikin taron yana tuna wa mutane cewa ai uwar Inna ba 'yar garin ba ce, daga wani wuri can ƙetaren gulbi aka auro ta, ba wanda ya san danginta. Aka fara gyaɗa kai. Na dubi kawu don ya tanka. Ya tanka kuwa. Ya gyara murya ya ce shi dai kowa ya sani uba suka haɗa da Inna, uwa kowa da tasa. Ya faɗe ta a hankali, kansa a ƙasa. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa cewa ƙarya ya yi ba.

Rana tana ta ɗagawa. Daga kasuwa ana jin masu lodi suna jifa da buhuna a bayan mota.

Ban san wanda ya kai wa Inna labari ba. Sai dai na ga mata sun dare, ta shigo lulluɓe da zanenta na saƙi, ta tsaya daga bakin rumfa. Ta daɗe tana duban mutumin da ke kwance. Tare suka tashi a unguwa ɗaya, ta san shi tun yana rarrafe. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, don haka ƙanena ta fuskanta.

Ta ce, "Auta, in anka kai shi, shina tashi?"

Ya ce, "Allah ka tashe shi, Inna. Amma in ba a kai shi ba, ban ga shina kai jibi ba."

"To mi kaka jira?"

Na matsa kusa, na yi magana kamar da danga nake yi, na ce a tuna da mai goyo a Dogon Daji, a tuna kuma abin da za a ce da wadda ta shayar. Ba ta juyo ba. Ita ma dangar ta gaya wa.

Ta ce, "A gaya wa mai gardama, nonon nawa na. Ni ka ba da shi."

Na koma gefe.

Sai aka shiga ciniki a kan yadda za a yi. Al'ada ita ce mai tsallakawa ya tuɓe tsirara. Liman ya ce wannan kam ba za a yi a gabansa ba, aka daidaita a kan ya cire riga ya bar wando. Ya cire, ya miƙo mini ita tare da agogonsa. Ya yi bisimilla a fili yadda kowa zai ji, ya ɗaga ƙafa ya tsallake mutumin, ya dawo, ya sake, har dogon ya ce ya isa. Ba wanda ya yi sowa, ba wanda ya yi zagi. Wata mata ce kawai na ji ta sauke ajiyar zuciya ta ce to, alhamdu lillahi.

Saura ruwa. An kawo ƙoƙo, wai ya kurkure baki ya zuba a ba majinyaci ya sha. A nan ne ƙanena ya kafe. Wanda bai yi musu a kan sunansa ba, ya tsaya yana musu a kan kurɓin ruwa. Ya ce wanda za a yi wa tiyata ba a sa masa komai a ciki, ko ɗigo, haka aka koya musu kuma ba zai saɓa ba. Dogon ya ce aikin bai cika ba ke nan. Suka yi ta ja, har liman ya raba su a kan a jiƙa tsumma a shafa wa mutumin a leɓe. Aka yi haka.

A kan gadon kara aka ɗauke shi zuwa kasuwa. Ƙanena ya sa aka gyara buhunan gyaɗa, aka kwantar da shi da gwiwoyi a tanƙware. Ya karɓi agogonsa, ya zauna kusa da shi ya kama wuyan hannunsa, yanzu ba mai hana shi. Dogon ya hau ya zauna daura da su, sandarsa a kan cinya, idonsa a kan yatsun ƙanena. Haka motar ta tashi da su.

Mu kuwa washegari muka kama hanya. A da, in Inna za ta bar Kebbe, tun da safe mata ke cika gidan kawu, wannan da kuka, wannan da daddawa, wannan da ɗan man shanu, a raka ta har bayan gari. Ran nan kawu ne kaɗai ya riƙe mata jaki ta hau. Ya yi ta addu'ar sauka lafiya, ta amsa masa duka.

Mutumin ya rayu. Ƙanena ya aiko da saƙo cewa an yanke wani yanki na hanjin an haɗa sauran, ya yi makonni a kwance, shi ne ma ke gyara masa gado. A Kebbe kuwa labarin da ya zauna shi ne tun a cikin mota ya fara samun sauƙi, tun kafin wuƙar likita ta taɓa shi, kuma kowa ya san dalili. 'Yan kasuwa suka kawo zancen Tambuwal. Ba wanda ya taɓa faɗa mana a fuska. Sai dai yaran maƙwabta suka daina zuwa ɗibar wuta wurin Inna, in ta aika da tuwon sadaka a dawo da akushi a ce an gode, ka ga kaji a bayan gida suna tsattsagar tuwo. 'Yar'uwarmu ta sha zama ita kaɗai a gidan biki. Ƙanena da ya gama karatu ya nemi a tura shi can gabas, inda ba wanda ya san kakarsa, a can ya yi aure. Inna ba ta sake taka Kebbe ba har Allah ya karɓi ranta, kuma ba ta taɓa cewa ga dalili ba. In kaka ta yi sai ta ce ƙafa ke damunta.

Shekara guda bayan tsallaken, da kaka ta zagayo, wata ranar kasuwar Tambuwal, na ji sallama a ƙofar zaure. Mutumin nan na Kebbe ne, ya rame kaɗan amma garau, da tunkiya a igiya. Ya zauna ya yi ta godiya, ya ɗaga riga ya nuna mini ɗinkin, ya ce ba don Allah ba don malamin allura ba da yanzu an manta da shi. Har barkwancinsa ya dawo, ya ce sistar asibiti ta fi sarkin yaƙi tsanani. Ya ce a gai da Inna, a ce mata tunkiyar tata ce.

Na shiga na faɗa a tsakar gida. Inna ta tashi da kanta ta dama fura, ta zuba nono mai kyau, ta sa a sabuwar ƙwarya ta rufe da faifai. Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya yaba kaurinta. Sannan ya ajiye ta a gefensa a hankali, ya ce kash, ai ya manta, yau azumin nafila yake yi. Jan goro kuwa bai bushe a leɓensa ba. Na ce Allah ya karɓa. Muka ƙara taɓa hira a kan damina da farashin gyaɗa, ya yi sallama ya tafi.

Na ɗauki ƙwaryar na mayar cikin gida. Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi. Ta ɗaga faifan ta ga furar yadda ta dama ta, ta mayar ta rufe. Ta tambayi matata, ba ni ba, ko da ƙafarsa ya zo ko a kan dabba. Na ce da ƙafarsa, daga kasuwa har nan, yana jan tunkiya.

Ta ce, "To, madalla." Ta ci gaba da kaɗinta.